Ranar Duba Gashi

A wani daji da ke gefen fadama, majalisar kaji ta taɓa kafa doka cewa ba kaza sai fara. Fara za ta auri fari, kuma duk ɗan tsakon da ya fito da wani launi, a ranar duba gashi za a kora shi bayan shinge, inda shirwa ke jira. Shekara bakwai ana haka, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Tabawa fara ce fat, mijinta ma haka. Ta yi kwancin ƙwai takwas, shida suka fito farare, biyu wake-wake. Ɗayan bai kwana ba ya mutu. Ɗayan kuwa ta ɓoye shi a ƙarƙashin fiffike, ko ƙofa ba ta fita.

Ana gobe dubawa ta lallaɓa bakin tafki wurin Agwagwa, mai haƙar farar ƙasa.

"Iya, wallahi ban taɓa kallon wani zakara ba," ta ce.

"Wa ya tambaye ki, 'yar nan?" in ji Agwagwa. "Baƙin kakarki ne da na kakan mijinki suka gamu. Fari rufe shi yake yi, ba ya kashe shi. Iyaye farare masu ɗauke da shi, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu haka za su fito. Ungo farar ƙasa, shafa wa ɗan naki. Kada dai ya jiƙe."

Washegari aka jeru a gindin tsamiya, hadari na haɗuwa daga gabas. Shugaban majalisa, zakara Ɗanbarau, ya hau kututture.

"Jama'a, jininmu tsarkakakke ne! Baƙin gashi daga lalacewar uwa yake zuwa. Mu da muka gaji fari tun kaka da kakanni, ba za mu yi sassauci ba. A matso da yara!"

An kori uku. Tabawa tana jin kukansu a bayan shinge, har ya yanke. Saura uwa biyu a gabanta. Ɗan ya yi atishawa, ƙura ta tashi daga bayansa.

Sai ruwa ya sauko.

Ta rungume ɗan, ta runtse ido tana jiran ihu. Shiru. Da ta buɗe, farin ruwa ne ke gangarowa daga wuyan Ɗanbarau, baƙin gashi na leƙowa. Zakaran da ke damansa kuma ja ne. Magatakarda kuwa wake-wake, sak ɗanta.

Kowa ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa, kamar an watsa gero.

"An ɗage zama," in ji Ɗanbarau. "Sauran yaran duk sun ci."

Tabawa ta kwashi 'ya'yanta bakwai ta yi gida, ba ta waiga ba.

Da majalisa ta sake zama, ta yi wa dokar gyara guda ɗaya, ba hamayya: daga yau, duba gashi sai da rani.