Tarwaɗar da Na Kai Sadaka Al Nahda

Ko da soso da sabulu za a wanke mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai sadakar tankin kifi Al Nahda ba. Tun yanzu ma gara in faɗa muku gaskiya, domin ni ban iya kwana-kwana ba: ba tausayi ne ya kai ni ba. Saratu ce ta kai ni.

Maigidana sana'ar kago yake yi a Al Buteen, yana tura wa 'yan kasuwar Kano kaya gida, ni kuma ina dafa musu tuwo da miyar kuka a fulat ɗinmu na Hor Al Anz. Ban taɓa zama a aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. A nan Dubai ƙungiyarmu ta matan Arewa ta buɗe ajin manya duk ranar Asabar a falon Hajiya Uwani, uwar ƙungiya, kuma rana ɗaya muka shiga ni da Saratu, wata Kirista 'yar Kafanchan mai aikin raino a gidan wasu Turawa. Ina nan ina riƙe fensir kamar muciya, ita har ta fara karanta mana sunayen tasha a cikin bas. Ga fara'a, ga gaisuwa har ƙasa. Ba ta taɓa yi mini komai ba. (Shi ne ma babban abin haushin. Da ta taɓa zagina ko sau ɗaya, da na san inda zan ajiye ta.)

To, sai Hajiya Uwani ta ce za ta koma Kano, a zaɓi sabuwar uwar ƙungiya. A ganina ba ma sai an yi zaɓe ba. Wa ke zuwa filin jirgi idan an yaudaro yarinya da bizar ƙarya? Ni. Wa ke tsayawa kan tukunya ranar suna? Ni. Wa ke yi wa mai gidan haya tsawa idan ya watsar da kayan 'yarmu? Har na fara gwada zaman kujerar a gaban madubi.

Ana cikin haka iyayen gidan Saratu suka tashi komawa ƙasarsu, suka bar mata tankin kifinsu, irin na gilashi ɗin nan da ake ajiyewa a falo don ado, da injinsa da fitilarsa da 'yan kifayen ciki. Mutum mai hankali sai ya sayar. Ita sai ta ɗauka ta kai wata cibiya a Al Nahda inda ake kula da yara masu buƙata ta musamman. Aka ɗauki bidiyo aka sa a guruf ɗinmu na waya: yara sun zagaye tanki, sun manna hanci a gilashi, Saratu na gefe tana murmushin nan nata. Wayata ba ta huta ba ranar. "Allah ya saka, Saratu." "Kai, wannan mata akwai zuciya!" Wata har ta rubuta, "Irin wannan ce uwa." Na karanta wannan layin da kaina, harafi bayan harafi, na yi da-na-sanin koyon karatu.

Na kalli bidiyon ya fi a ƙirga, ina neman aibu. Na kuwa samu. Tankin ɗan ƙarami ne, kifayen kuma ko ɗan yatsana ba su kai ba.

"Alhaji," na ce wa maigidana, "tankin nan da na taɓa gani a bayan otal ɗin da baƙinka ke sauka, yana nan?"

"Wanda ke yashe a waje rana na dukansa? Me za ki yi da shi?"

"Sadaka."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Sadaka, ko Saratu?"

"Alhaji, ka samo mini mota kawai."

Manajan otal ɗin har da godiya ya yi da za a raba shi da kaya. Tanki ne jibgege, mutum zai iya kwanciya a ciki ya miƙe ƙafa. Ya nuna mini wani kwali cike da wayoyi da bututun roba da soso, wai a haɗa da shi. Na ce ya riƙe tarkacensa, ba bola na zo kwasa ba. Na kai tanki gida na wanke shi tas har yana ɗaukar ido. Alhaji ya ce, "Ki cika shi da ruwa ya kwana tukuna, a gani ko ɗaurinsa na nan. Abin da ya daɗe a ranar garin nan ba a yarda da shi." Na ce gilashi ne ba randa ba, ido na gani babu tsaga. Gaskiyar magana, zaɓe ya matso, ba ni da lokacin jira.

Sai kuma wani abu ya tsaya mini a rai. A gidanmu ba a kai wa mutum mazubi fanko. Maƙwabciya ta aiko miki da kwanon dambu, ba ki mayar da shi haka nan, ko goro ne sai kin jefa a ciki. Yanzu ni, da girmana, in kinkimi wannan uban tanki in kai wa mutane babu komai a ciki? A yi da ni a Dubai? Na je shagon da ake sayar da kifin ado, na duba. Wasu 'yan mitsi-mitsi masu jela kamar gyale, ko kyanwa ba za ta tsaya musu ba. Na yi tsaki na fito. Ni 'yar Wudil ce, a bakin kogi na girma, na san abin da ake kira kifi. Na zarce shagon kayan abincinmu na gida inda ake sayar da tarwaɗa mai rai don farfesu, na zaɓi manya guda biyu, baƙaƙe, masu gashin baki, kowace ta kai damtsena. Na ce a raina, yau yara za su ga kifi, ba wasan yara ba.

Ranar kai kaya na gayyaci ƙungiya kaf. Na ɗaura sabuwar atamfa, na rubuta jawabi da hannuna, na farko a rayuwata, na sa Ummi 'yata ta saurare ni ta waya har ta gaji. Hajiya Uwani ta riga ta yi wa shugabar cibiyar magana, wata Balarabiya mai sanyin murya. Aka ɗora tankina a kan teburi daura da na Saratu (ni na zaɓi wurin, don a gwada a gani), aka jawo tiyo aka cika shi. Shugabar ta leƙa ƙasa, ta leƙa baya, tana tambaya da hannu ina injin yake. Na ce, "Mafi mushkila, Madam, mafi mushkila." Wato babu matsala. Larabcina ke nan kusan gaba ɗaya, kuma bai taɓa ba ni kunya ba sai ranar.

Saratu ta matso kusa da ni. "Hajiya, sannu da ƙoƙari. Me ke cikin bokitin nan da kika rufe?"

"Za ki gani."

"In kifi ne, ki bari ruwan ya kwana biyu, a sa inji tukuna. Haka madam ɗina take yi."

"Saratu, madam ɗinki a littafi ta san kifi. Ni da shi aka yaye ni."

Shugabar na fita ɗauko yara, na cire murfi na juye bokiti. Tarwaɗa suka faɗa ciki suna bulala da jela. Mata suka ja da baya. Wata ta ce, "La ila! Hajiya, farfesu za a yi musu?" Na yi kamar ban ji ba. Yara suka shigo da malamansu, kuma wallahi na ga abin da nake so in gani: suka wuce tankin Saratu suka nufo nawa, baki buɗe. Na saci kallon Saratu. Wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa.

Na buɗe takardata na gyara murya. "Bismillahi. A madadin ni kaina..."

Sanyin nan na ƙafa ashe ba na daɗi ba ne. Ruwa ne. Na duba ƙasa, sai ga shi yana bin ƙafar teburi, ya jiƙa kafet, ya kama bakin zanena. Na ci gaba da karatu da ƙarfi, wai ko ba wanda zai lura. Sai ji muka yi ɓas! Kusurwar tankin ta buɗe baki, ruwa ya tsinke kamar an fasa bututun unguwa. Malamai suka kwashi yara gefe, shugabar na ihun a yi maza, "Yalla, yalla!", mata na tattare zane suna hawa kujeru. Wata ta fizgi bokitina ta tara a ƙarƙashin tsagar. Tarwaɗata kuwa ruwa na janyewa, sun fara birgima a ƙasan gilashi.

A nan ne 'yar Wudil ta motsa. Na naɗe hannun riga, na cafko ta farko ta bayan ƙaya yadda kakata ta koya mini, na waiga. Ruwa ɗaya ne ya rage a ɗakin, na tankin Saratu.

"Hajiya, kar ki sa! Hajiya, don Allah!" Saratu ta taho da gudu tana santsi.

Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne ba ta son kifina ya taɓa tankinta. "Tankin ubanki ne? Ba sadaka kika bayar ba?" Na jefa ta ciki. Na koma na ɗauko ta biyu na ƙara.

Suka nutse ƙasa suka yi lamo, gashin baki na motsi. Ɗaki ya ɗan lafa. Har na fara gyara ɗankwali ina cewa, "Kun gani? Khalas, an wuce wurin." Cikin kifayen Saratu akwai wani ɗan ja mai doguwar jela, wanda daga baya na ji cewa yaran har suna sun raɗa masa. Ya taho yana yanga, ya tsaya a gaban hancin babbar tarwaɗar kamar mai gaisuwa.

Ban ma ga buɗe bakinta ba. Yana nan, sai ba ya nan.

Ta biyun ta ga abin da 'yar'uwarta ta yi, ta tashi ita ma. Cikin ƙiftawar ido tanki ya hargitse, yashi ya turnuƙe, 'yan kifaye na neman maɓoya a bayan duwatsu. Saratu ta cusa hannu har kafaɗa ta kasa kamawa. Ni ɗin dai na sake tsamo su, ɗaya a kowane hannu, na tsaya a tsakiyar ɗaki, atamfa sharkaf, jawabina na yawo a kan ruwa, ga waya sama da goma a sama suna ɗauka, domin ni da bakina na ce kowa ya yi bidiyo.

Duk wannan da sauƙi. Wata 'yar yarinya ce ta zame daga hannun malamarta, ta taka ruwan, ta je ta ɗora tafin hannu a gilashi. Ta duba sama, ta duba bayan dutse, ta zagaya ɗaya gefen ta sake dubawa. Ba ta yi kuka ba. Sai ta juyo ta kalli abin da ke hannuna. Na sha faɗa da 'yan kamasho da direbobin tasi a garin nan ban taɓa sunkuyar da kai ba. Ranar na rasa inda zan sa idona.

Hajiya Uwani ta matso ta ce a hankali, "Hajiya, fita da su haka nan. Kina ɗiga."

Washegari na koma da Alhaji, muka ba shugabar haƙuri, aka kira masu wanke kafet. Shagon nan da na yi wa tsaki na koma da ƙafata, kuma Saratu na roƙa ta raka ni, don ita ta san irin waɗanda aka cinye. Duk hanya ba ta ɗaga maganar ba. Na yi ta jira ta yi mini gori in samu abin kamawa, ta ƙi.

Ranar zaɓe a falon Hajiya Uwani, na ƙi janyewa (taurin kai ma ai sai an binne ni da shi). Aka kira sunan Saratu, hannaye suka tashi kamar an ce wa ke son kujerar Makka. Aka kira nawa. Na ɗaga hannuna, na kafe idona a silin don kar in ga sauran. Sai na ji ana ƙus-ƙus ana dariya ƙasa-ƙasa. Na waiga. Hannu ɗaya ne a sama ban da nawa, kuma na Saratu ne.

"Ke kuma fa?" na ce. "Tausayina kike ji?"

"A'a, Hajiya. Ranar da aka kulle ƙanwata a filin jirgi, ke kika je. Ni tanki kawai na bayar, shi ma ba da kuɗina na saya ba."

Jama'a, ku gaya mini, ya ake yi da irin wannan mata? Na sauke hannuna, na ce a rubuta ta ci, na tashi na shiga kicin wai zan duba shayi.

Yanzu duk lokacin da zuciyata ta ce in yi kyauta, sai na zauna tukuna na rufe ido. In fuskar wanda zan ba ce ta fara zuwa, in tashi in kai. In kuwa ta Saratu ce, sai in sha ruwa in kwanta har abin ya wuce. Ina shan kwanciya.