Rasuwar Agogon Ungozoma

Da baƙin ciki, da kuma zuciyar da har yanzu ba ta huce ba, babbar ungozomar ɗakin haihuwa take sanar da rasuwar agogonta na ƙirji, wanda ya cika ranar Litinin, ƙarfe huɗu saura minti bakwai. Shi da kansa ya nuna lokacin, kuma har yau bai janye maganarsa ba.

Marigayin bai fi murfin kwalba girma ba, amma shekara arba'in da ɗaya ya yi yana aiki. A rigar mahaifiyarta ya fara, da ta rasu ya koma tata. Da shi aka ƙirga bugun zuciyar jarirai fiye da dubu. Sau uku yana faɗowa daga bene ya tashi garau, don mara nauyi ba ya jin faɗuwa. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, daga "kas, kas, kas" ba ya ƙara komai. In kewar mahaifiyarta ta taso mata, shi take karawa a kunne. Yanzu shiru take ji.

Ajalinsa ya zo ne ta hannun ƙaninta, bakaniken manyan motoci, da ya ji an ce agogon yana makara da minti ɗaya. Ba wanda ya aike shi. Ya ɓalle bayansa da wuƙa, ya ɗiga masa man inji, wai duk abin da ke juyawa mai yake so. Mai gyaran agogo da ya duba gawar sai da ya riƙe baki. Ya ce man da ke sa tirela gudu, a wajen haƙorin injin agogo da bai kai gashin ido kauri ba, danƙo ne. Ƙaramin inji nauyi bai dame shi ba, manne masa da aka yi shi ya kashe shi. Da aka gaya wa mai laifin, buɗar bakinsa sai ya ce wataƙila man ne bai isa ba. Wannan maganar ba za a yafe ta ba.

Marigayin ya bar hannaye uku, da fil ɗin maƙalawa, da 'yar huda a aljihun farar riga.

Za a sa shi a kwalin ashana ranar Alhamis da safe, a ajiye shi cikin akwatin mahaifiyarsu. Ba a gayyaci ƙanin ba. Ana dai tuna masa cewa ranar ce zai zo allurar ciwon bayansa, kuma yayarsa ce za ta yi masa da hannunta. Tunda babba da ƙarami duk ɗaya ne a wajensa, ta riga ta aro allurar shanu a wajen likitan dabbobi.