Ranar da Na Ce wa Surukina Harkar Ƙwaya Nake Yi

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Rumasa'u a Dayi ba. Wata shida ina neman yarinyar, kuma ranar ce Alhaji zai dube ni ya ce e ko a'a. Na zuba babbar rigar yayana (hannunta har gwiwata), Kawu Sule ya raka ni.

Aikina a ɗakin binciken jami'a shi ne cusa wasu mitsi-mitsin ƙwayoyin zinare cikin ƙwayoyin halitta masu rai, don su yi haske a madubin ƙara girma mu ga abin da ke gudana ciki. Da Turanci bayanin ya zauna a bakina. Da Hausa kuwa ban taɓa gwadawa ba sai ranar.

Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "To yaro, mece ce sana'ar?"

Da na ce koyarwa, da an wuce wurin. Amma son burgewa ya motsa. Na gyara zama na ce, "Ranka ya daɗe, harkar ƙwaya nake yi."

Kawu ya taka mini ƙafa. Na ɗauka kuskure ne, na janye ta.

"Ƙwaya?" in ji Alhaji.

"Ƙanana ƙwarai. Wahalar dai shigar da su ba tare da an kashe mai karɓa ba. Amma in suka shiga, sai ka ga komai na walƙiya, kore da ja, abin da ido bai taɓa gani ba."

"Kai ma kana gani?"

"Kullum, Alhaji. Har ɗalibai nake koya wa."

Alhaji ya ajiye carbinsa a hankali, ya dubi Kawu. "Malam Sule, ni da noman masara na san gidanku."

Sai a lokacin kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. Kunya ta rufe ni, na riƙa nutsewa cikin rigar aro.

Mako uku aka yi ana zarya, Rumasa'u ta daina ɗaga wayata. Sai da ƙanen Alhaji, wani malamin asibiti a Malumfashi, ya ga hotunan aikin ya fassara Hausata zuwa Hausa, sannan aka sa rana.

Yanzu ko ɗan acaɓa ne ya tambaye ni sana'a, koyarwa nake cewa, in ja bakina. Alhaji kuwa, jikokinsa biyu a gidana, amma har yau sai ya leƙa idona kafin ya amsa gaisuwa.