Mataimaki na Musamman kan Harkokin Dobale

Allah ya yi wa mazaɓar Oke-Isero baiwa da manyan mutane, amma tun da aka sari garin ba a haifi kamar Injiniya Kolapo Oyerinde ba. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, sau goma sha bakwai a jawabinsa na farko. Ina wurin, na ƙirga. Shekara ashirin da biyu ya yi a Legas yana gina wa wasu gadoji, sai tausayinmu ya kama shi, ya dawo da motoci huɗu da manyan riguna talatin da ɗaya, duk farare tas, yana neman kujerarmu ta majalisar dokokin jiha. Mutum ne mai hangen nesa: tun kafin a fara sayar da fom ya sa aka rubuta "Onarebul" a ƙofar gidansa, don kada a wahalar da mai fenti sau biyu.

To, a nan garin ba fosta ke ba mutum takara ba. Dattawan jam'iyya ne, su ashirin da uku, ke zama su nuna ɗa guda, shi zai je ya yanki fom, kuma wanda suka nuna bai taɓa faɗuwa zaɓe ba. Mai so sai ya bi su gida-gida ya yi dobale, wato ya kwanta rub da ciki, ƙirji a ƙasa, ba ya tashi sai an ce ya tashi. Ni aka ba littafin ziyara, don kowa ya san ba na ɓata lissafi. Na tsara mana gida biyar a rana, kwana biyar mu gama, ranar ƙarshe ma mu tashi da wuri.

Muka fara da Baba Oguntade, shugaban dattawan, ɗan shekara tamanin da tara. Muka same shi a tsakar gida, an shanya koko, awaki sun gama wucewa sun bar shaida. Injiniya ya dubi ƙasa, ya dubi rigarsa, ya sake duban ƙasa. Sai ya ɗan rankwafa kamar wanda makullinsa ya faɗi, ya miƙa wa tsoho hannu.

Baba ya dubi hannun ya daɗe. Ya ce, "Ɗan wa ne wannan?"

Na ce, "Ɗan marigayi Oyerinde ne, Baba."

Ya ce, "Anya? Oyerinde da na sani bayansa na lanƙwasuwa."

A mota Injiniya ya wayar mana da kai. "Ku fahimce ni, babu wanda ya kai ni girmama al'ada. Amma shugaba na zamani ba ya yin kowane aiki da hannunsa. Gada goma sha ɗaya na gina, ko bulo ɗaya ban taɓa ɗauka ba. Sirrin mulki wakilci ne."

Washegari aka yi naɗi. Lasisi, ɗan wan mahaifinsa, wanda ya girme shi da shekara tara, mai gyaran keken ɗinki a bakin kasuwa, shi ya zama Mataimaki na Musamman kan Harkokin Dobale. Har da takarda mai hatimi.

Lasisi ya juya takardar ya ce, "Kolapo, ni da na share maka majina?"

"Yaya, a bakin aiki Onarebul ake cewa."

"To, Onarebul. Ni dai ba baƙon ƙasa ba ne."

Aiki ya kankama, kuma wallahi tsarin ya burge ni. Mu isa gida, a buɗe wa Injiniya lema, ya yi jawabin minti goma sha biyu kan yadda zai mai da Oke-Isero ƙaramar Legas, sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Mataimaki, a aiwatar." Lasisi ya zube. A yawancin gidajen sai ya zube sau uku, don akwai wan dattijo a ɗaki, ko wata kaka da ba a tsallakewa. Babu rigar da ta yi datti. Cikin talatin da ɗaya, babu ko ɗaya.

Abin da kawai ya riƙa ɓata mini jadawali shi ne tsofaffin ba sa saurin cewa a tashi. Sai su duƙo su yi ta hira da wanda ke ƙasa. Wannan ya ce kwalbatin hanyar gona ya karye, wancan ya ce asibitin unguwa wata takwas babu ungozoma. Lasisi na kwance yana cewa, "Na ji, Baba. Haka ne, Baba." Idan an kawo amala da miyar ewedu shi ke wanke hannu, don likitan Injiniya na Legas ya hana shi manja. Kafin mu fita kuma matar gida ta jawo keken ɗinkinta, ya ɗan taɓa mata. Kekuna goma sha huɗu ya gyara a kwana biyar.

Matan kasuwa suka sa wa gwanin namu suna Tsayayye. Iya Sidikatu, shugabarsu, ta tare motarmu ta ce, "Onarebul Tsayayye, in ka ci zaɓe wa zai zauna maka a kujerar?" Kasuwa ta ɗauki shewa. Injiniya ya ɗaga musu hannu biyu, ya juyo ya ce mini, "Ka gani? Har sun fara zancen kujera."

A rana ta uku ya ga tsayuwar ma ɓata lokaci ce, sai ya riƙa sauke gilashi yana jawabi daga cikin mota. A rana ta biyar ya kai ƙololuwar ci gaba: ya zauna a gida, Lasisi ya kwanta a gaban dattijo ya ɗaga waya sama, muryar Onarebul na fita.

Ranar Asabar da hantsi dattawa suka zauna a zauren gari. Injiniya ya iso da makaɗan kalangu goma sha biyu, ya tsaya a tsakiya ya gyara hannun riga.

"Iyayena, tarihi zai shaida babu ɗan takarar da ya taɓa ƙasƙantar da kai kamata. Na kwanta muku sau sittin da huɗu, ta hannun wakilina. Ga littafi, a duba."

Na buɗe littafi, aka duba. Sittin da huɗu cif.

Baba Oguntade ya gyara murya ya ce, "Mu ba mu yi boko ba, sai a bi mu a hankali. Kowa ya faɗi ƙirjin wa ya taɓa ƙofar gidansa."

Aka zagaya. Lasisi, Lasisi, Lasisi, sau ashirin da biyu. Baba ya ce shi nasa gidan hannu aka kawo masa, kuma bai san inda ake ajiye hannu ba.

Ya ce, "Abin da muka gada shi ne, wanda ya kwanta shi ya roƙa, wanda ya roƙa shi ake ba. Lasisi, Litinin ka je ka yanki fom."

Lasisi ya zaro ido. "Baba, ni fa aiko ni aka yi!"

"Majalisar ma aike ne. Mun ga ka iya."

Nan fa aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Injiniya ya cire hula, ya kwarma "Iyayena!", ya faɗi ƙasa tim, da leshinsa da murjaninsa. Dobale ne na gaske, ba na cin amanarsa. Sai dai dattawa sun riga sun juya wajen kwanukan abinci, kuma wanda ya kwanta ba ya tashi sai an ce ya tashi. Mutum ɗaya ne ya rage tsaye a gabansa wanda ya girme shi.

Baba ya waiwayo da loma a hannu ya ce, "Ɗan takara, ga wani ya zo gaishe ka."

Lasisi bai yi gaggawa ba. Minti bakwai, na duba agogo. Sannan ya duƙa ya dafa kafaɗar ƙanensa, ya ce da ƙarfi yadda na bayan zaure za su ji:

"Tashi, Kolapo. Na gode da goyon baya."

Makaɗa goma sha biyu suka ɗauka, suka kai wa gari labari.