Wada Ba Ya Ci a Gaban Suruka

Wani mutum ne a unguwarmu, Wada mai sayar da tayil na daɓen ɗaki, wanda in dai maganar kunyar surukai ake yi, to kowa ya ja da baya a bar masa fili. Ba wani ne ya ba shi sarautar ba, shi ya naɗa kansa. Kullum in aka zauna a bencin ƙofar shagonsa, ba a tashi sai ya ba da labarin ranar da ya hango surukarsa a kasuwa, ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi, ya durƙusa har ta wuce. Wata rana a cikin kwata ya durƙusa, wata rana a kan garwashin mai tsire. Ya danganta da yawan masu sauraro.

"Mazan yanzu ba su da ta ido," in ji shi. "Ni Wada, tunda na auri Sahura, uwarta ba ta taɓa ganin ko ruwa ya bi ta maƙogwarona ba. Yawu ma in zan haɗiya sai na fita waje!"

Duk wannan habaici kuwa da mutum ɗaya yake, Injiniya Hashimu, mijin yayar matarsa, wanda aka ce yana zama ya ci abinci a falon surukarsu Hajiya Dije har ya ce a miƙo masa yaji. Burin Wada a duniya shi ne Hajiya Dije ta faɗa da bakinta cewa a cikin surukanta babu kamarsa.

Abin da ba ya faɗa a benci shi ne, Wada akwai ci. In ya sa malmalar tuwo a gaba, sai ka ji tausayin tuwon.

To, da aka samu hutu sai ya ce zai kai iyali Abuja su kwana biyu, ɗansu Sagir ya ga babban filin wasan yara, mai lilo da jirgin ƙasa da dawakan da ke juyawa. Ana gobe tafiya suka je sallama gidan Hajiya Dije. Wada ya tsuguna a bakin ƙofa, kai a ƙasa, ya yi irin tayin nan na fatar baki.

"Hajiya, da ma kun shirya mun tafi tare, ku ma ku sha iska."

Jira yake ta ce Allah ya kiyaye hanya. Sai ta ce, "To madalla. Ku biyo ta nan da asuba."

Haka aka kama hanya, Wada na tuƙi, Hajiya da Sahura da Sagir a baya. Ba a yi nisa ba Sahura ta kwance ƙullin ƙosai mai zafi, ta buɗe fulas ɗin shayi. Mota ta turnuƙe da ƙamshi. Hajiya ta ce a miƙa wa direba. Direba ya ce shi? Allah ya tsare! Ya kuwa shiga wa'azi a kan lalacewar zamani, yana yi cikinsa na amsa masa amshi, ƙululu, ƙululu. Sai ya ƙara ƙarar rediyo.

Filin wasa kuwa, wanda bai taɓa zuwa da yaron da bai cika shekara uku ba, bai san wahala ba. Sagir komai yana so, komai kuma tsoronsa yake ji. A ɗora shi a doki ya tsala ihu, a sauke shi ya kwanta a ƙasa yana birgima. Wani ƙato da ya sa kayan zomo ya zo yana ɗaga masa hannu, yaro ya damƙi gemun ubansa ya ƙi saki. Suka hau jirgin ƙasa, suka hau motocin karo, suka hau wani lilo mai kama da ƙatuwar taya, wanda ya kai Wada sama ya juya masa hanjin da babu komai a ciki. Kafin azahar, bawan Allah yana ganin mutum ɗaya kamar biyu.

Da aka yi salla sai Sahura ta ce a shiga gidan abinci.

Nan fa ake yin ta. A gida, namiji yana da zaure, yana da ɗaki, ko ba komai akwai labule. Nan kuwa wani makeken falo ne mai sanyi, teburi ɗaya aka nuna musu a jikin bango, kujeru a kewaye. Wada ko kallon bangon bai yi ba. Ya ja kujerarsa gefe, ya ba teburin baya don ladabi. Ashe ya fuskanci wurin gashi ne, inda kaji ke juyawa a jikin ƙarfe, sun yi jawur, mai na ɗiga, tsss, tsss.

Aka kawo wa mata soyayyiyar shinkafa. Sagir ya hau aiki. Ya ƙwace cokali yana buga teburi, ƙwal, ƙwal! Ya juye gishiri a ruwan kakarsa. Ya damƙi shinkafa ya watsa wa wata baiwar Allah a mayafi. Ya sulale ƙarƙashin teburi ya fito da takalmin da ba na kowa a cikinsu ba. Loma ko ɗaya ya ƙi karɓa.

"Kai angon nan nawa, ba ka iya zaman otal ba," in ji Hajiya Dije. "In haka za ka riƙa kunyata ni a gaban jama'a, ba ni takardata." Sannan ta dubi 'yarta. "Sahura, ki ce wa mijinki ya ci abinci. Halin tafiya ne, ba gida muke ba. In ya so ni in koma wancan teburin."

Wada ya zabura kamar an tsikare shi. Ya ɗaga murya yadda na nesa ma za su amfana.

"Haba Hajiya! Ni? In ci abinci kuna wuri? Ai ko rufi ɗaya muke ƙarƙashinsa ba zai wuce ba. Ni ba irin su Injiniya ba ne. Ni yunwa ma ba ta dame ni ba, haka Allah ya yi ni."

Ƙululu, in ji cikinsa.

Daidai nan Sagir ya kife kofin lemo a cinyar uwarsa. Nan take dabara ta faɗo wa Wada.

"Kawo shi nan," ya ce. "Hayaniya ce ta hana shi ci. Bari in fita da shi waje in ba shi a natse, ku ma ku samu ku ci a huce." Ya yafito ma'aikaciyar wurin. "'Yammata, a zuba wa yaron nan nasa a leda. Gasasshiyar kaza guda, shinkafa, da soyayyen dankali. A sa yaji da yawa."

Sahura ta zaro ido. "Abban Sagir, kaza guda? Da yaji? Yaron da haƙoransa ma ba su gama fitowa ba?"

"Ke ba ki san yaron nan ba. In yana hannun namiji, ci yake kamar gara."

Hajiya ta ture ruwanta mai gishiri gefe. Ta ci gaba da cin shinkafarta.

Wada ya saɓa yaro a kafaɗa, leda a hannu, ya yi waje. Bakin ƙofa cike da mutane, kuma ana iya hango shi. Ya bi ta dama. Ya wuce masu askirim, ya wuce banɗaki, ya wuce inda janareta ke ruri, ya sha kwana, ya sake shan wata. Can sai ga wani lungu mai inuwa, da benci, da 'yan furanni, babu kowa. Gaban bencin kuma bango ne na madubi tun daga ƙasa har sama, yana ta walƙiya.

"Alhamdu lillahi," in ji Wada. "Nan ko aljani bai san da ni ba."

To jama'a, bari in gaya muku abin da Wada bai sani ba. Zagaye ginin ya yi kaf. Wannan madubi kuwa irin gilashin nan ne na zamani, wanda na waje ke ganin fuskarsa, na ciki kuma yana ganin na waje tarwai. A bayansa, tsakaninsa da benci bai fi taku biyu ba, Hajiya Dije ce zaune da cokalinta a hannu.

Wada ya dire yaro a benci. Ya cire hula ya ajiye. Ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Ya yi bisimilla, ya fizge cinya, ɓaras! Loma biyu, sai ƙashi. Ya bi ta da shinkafa, hannu baka hannu ƙwarya, yaji na sa shi shan iska, shiii, haaa, gumi na tsiyaya ta gemu.

Sagir da ya ga da gaske ake yi, sai yunwarsa ta tashi. Ya buɗe baki. "Abba, am!"

"Yi haƙuri, da yaji."

"Abba, aaam!"

Wada ya zaɓi silin dankali ɗaya, mafi ƙanƙanta, ya miƙa masa. Yaro ya haɗiye ya sake buɗe baki. Sai uban ya yago tsoka mai kyau, ya ɗaga ta sama. "Ga mota nan, ga mota nan! Bib-biiib!" Mota ta taho, ta taho, yaro ya wangame baki, tana zuwa daf da shi sai ta sha kwana ta faɗa garejin Wada. Sagir ya ɓare baki da kuka. Uban ya zaro makullin mota ya danƙa masa, ya juya kan cinya ta biyu.

Ba a jima ba kaza ta zama tarihi. Ya tauna ƙashi, ƙurus, ƙurus, ya tsotse ɓargo, ya suɗe leda, ya yi wata gyatsa da ta sa wata kyanwa da ke jiran rabonta ta ja da baya.

Saura shaida. Ya dangwalo maiƙon da ya rage ya shafa wa yaro a baki, da kumatu, da gaban riga. Ya manna masa ƙwayar shinkafa a haɓa, ya ja baya ya duba, ya ƙara wata a goshi. Ya ɗaga masa riga ya ga ciki a lafe, ya ɗura masa ruwa ko zai ɗan taso.

Sannan ya matsa jikin madubi, hancinsa har yana taɓawa. Ya yage baki ya duba haƙora ɗaya bayan ɗaya. Ya tsinko kara a cikin furanni ya shiga sakace, yana yi yana tofarwa. Ya goge gemu, ya mayar da hula, ya karkata ta. Daga nan ya gwada fuskar mai yunwa: ya langaɓe kai, ya lumshe ido, ya sauke kafaɗu. Bai gamsu ba, ya sake gwadawa. Ta biyun ta yi masa. Ya kashe wa kansa ido ɗaya, ya saɓi yaro.

Yana shiga gidan abincin ya ji wurin tsit. Kowa shi yake kallo, har masu gashi sun leƙo. Wada ya ce a ransa, ba su saba ganin namiji mai kula da ɗansa ba. Wani mai ƙaton tumbi ya ɗaga masa hannu.

"Sannu da ƙoƙari, Alhaji! Allah ya ba da lada!"

"Amin, amin. Ai raino sai da haƙuri."

Ya iso teburi ya rusuna, da fuskar nan da ya gwada. "Hajiya, yau yaron nan ya ba ni tsoro. Tas ya cinye! Ƙashin ma da ƙyar na ƙwace."

Bai rufe baki ba Sagir ya zame daga hannunsa, ya haye cinyar kakarsa, ya faɗa wa ragowar shinkafarta da hannu bibbiyu yana turawa kamar wanda ya kwana uku a daji.

Wada bai daburce ba. "Kun gani ko? Bai ma ƙoshi ba!"

Wani a baya ya ƙware da lemo. Sahura ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, murya can ƙasa. "Abban Sagir, don girman Allah ka yi shiru."

"In yi shiru a kan me? Ai abin alfahari ne. Ni kuwa ko ƙamshinta ban ji ba, wallahi hankalina..."

"Kar ka rantse," in ji Hajiya Dije. "Sahura, ki ce masa ya ɗago kai ya dubi bayana."

Wada ya ɗago.

Ga benci. Ga furanni. Ga leda, ga kyanwa tana fama da abin da ya rage na ƙashi. Komai fes, kamar a talabijin. A jikin gilashin kuma, daidai saitin fuskar Hajiya, ga tambarin hancinsa na maiƙo.

Ya nemi yawun da zai haɗiya ya rasa. Ya buɗe baki, abin da ya fito sai gyatsa.

Hajiya Dije ta goge wa jikanta goshi da gefen mayafi, a natse, ba ta ko dube shi ba.

"Ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, bai ci a gabana ba. Ni na san kunya, tun a cinya ta biyu na kau da kai. Sauran bayin Allahn nan ne dai suka kalla har ƙarshe."