Ranar da Na Yi wa Tsohuwar Japan Liƙi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na saka sabuwar shadda, na fesa turare, na je gaban jama'a na rushe arzikina da hannuna. Ba maƙiyi ne ya yi min ba, ba kuma sammu ba ne. Kyauta ce ta kashe ni, in kun taɓa jin wanda kyauta ta kashe.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin baƙar fata ba mu da yawa a Guangzhou. In ka hango wani a tsallaken titi sai ka haura ka yi masa sallama, ko ba ka san daga ina ya fito ba. Ni da Ɗanlami, ɗan unguwarmu a Kano, ɗaki ɗaya muke haya a Xiaobei, bayan ginin Tianxiu. Aikinmu dillanci ne. Alhazai su aiko mu sayo musu tocila da batir da takalman roba, mu loda a kwantena, a ba mu la'ada. Ana ci dai, ba a ƙoshi.

Halinmu ya sha bamban. Ɗanlami hannun jarirai gare shi, kullum a dunƙule (in ƙuda ya faɗa masa a shayi, ina jin sai ya tsotse shi kafin ya yar). Ni kuwa a gidan biki na tashi. Mahaifiyata ba ta taɓa barin makaɗi ya fita daga gidanmu hannu banza ba, kuma da haka na girma: wanda ya yi wasa a gabanka ba ka yi masa liƙi ba, ka ci mutuncinsa.

To, a Panyu, can gefen garin, akwai wani mutumin Japan, Mista Hayashi, mai masana'antar ƙananan janareta. Yana neman wakili guda ɗaya tal a arewacin Najeriya. Ku tuna yadda wuta take a gida a lokacin (ba wai yanzu ta gyaru ba). Duk wanda ya samu wakilcin nan ya haye, shi da 'ya'yansa. Ni na gano mutumin, ni na yi ta sintiri zuwa Panyu har takalmina ya cinye, ni na yi ta karya Turanci ina yi masa bayanin kasuwar Sabon Gari. Ɗanlami rakiya kawai yake yi min, shi ma don ni nake biyan kuɗin mota. Magana ta kusa ƙarewa, sai Hayashi ya ce kafin mu sa hannu yana gayyatarmu bikinsu. Mutanen Japan mazauna garin suna taruwa a wani lambu duk lokacin da wasu bishiyoyinsu suka yi fure. Sakura suke ce musu.

Na tambaye shi ko 'ya'yan suna da zaƙi. Ya ce ai ba a cin komai, furen kawai ake kallo. Na ce a raina, ikon Allah, mutane da hankalinsu su rufe masana'anta su tafi kallon bishiyar da ba ta ciyar da kowa. Amma biki biki ne, kuma ni na san yadda ake zuwa biki. Na je na yi canji, na samo sababbin 'yan goma-goma masu ƙamshi, na cika aljihun 'yar ciki. Niyyata in nuna wa mutumin nan cewa ba da matsiyata zai yi hulɗa ba.

Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan yi masa hassada ba. Bishiyoyin ba su da yawa, amma sun yi fure fari mai ruwan hoda, iska na kaɗo shi yana sauka a kan mutane. An yi shimfiɗu a ƙarƙashi, kowa ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa. Na ce kai, ashe 'yan'uwanmu ne. Ga masu naɗe takarda ta zama tsuntsu, ga wani dattijo yana rubutu da buroshi, ga abinci a 'yan akwatuna (mun kauce wa ɗanyen kifi, muka tsaya kan shinkafa). Can sai wasu samari suka fito da manyan ganguna suka dinga narka musu sanda har ƙirjina yana amsawa. Kafin in gyara babbar riga in miƙe, sun gama, sun rusuna, sun ɓace. Abin ya ci min rai. Na ce wallahi na gaba ba zai wuce ni ba.

Wadda ta biyo bayansu wata tsohuwa ce 'yar ƙarama. An shafe mata fuska da farin kwalli fat, ta sha doguwar riga da ɗamara mai faɗi, da mafici a hannu. Wata mata a gefe tana kaɗa wani abu mai kama da garaya. Tsohuwa ta fara rawa, in ma rawa za a kira ta, don kafin ta ɗaga hannu ta sauke ka sha ruwa ka dawo. Wuri ya yi tsit. Ba tafi, ba guɗa, ba wanda ya ko motsa. Na ga wasu mata suna goge ido, na ɗauka furen ne ya sa musu mura.

Tausayi ya kama ni, Allah shi ne shaida. Baiwar Allah da shekarunta tana ta fama, ga attajirai zaune sun zuba mata ido kamar gumaka. Na zunguri Ɗanlami.

"Tashi mu je mu fitar da tsohuwar nan kunya."

Kansa a sunkuye ya ce, "Je ka, ga ni nan."

Na miƙe. Na saɓa babbar riga a kafaɗa, na tsallake shimfiɗun mutane da kwanukansu, ina tafe ina ɗan girgiza kafaɗa don in ƙara mata ƙarfin gwiwa. Na isa gabanta na zaro sabuwar takarda na manna mata a goshi. Takardar kuwa ta zauna daram, don kwallin da ɗan gumi. Na manna ta biyu a kumatu. Na watsa wasu sama suka zubo mata a ka, har da kirari: "Sai ke, Hajiya! Tsohuwa mai ran ƙarfe!"

Mai garaya ta tsaya cak. Tsohuwa ta daskare da mafici a sama, takardar kuɗi ta rufe mata ido ɗaya. A hankali ta sa yatsu biyu ta ɓare ta, kwallin ya biyo takardar, ya bar mata tabo a goshi daidai girman kuɗin. Ta dubi takardar, ta dube ni, sannan ta rusuna min har ƙasa. Ni kuma gogan naku na ɗauka godiya ce, sai na rusuna ni ma, na ƙara mata wata. (Eh, na ƙara. Ku yi dariyarku, ni na daɗe da gama tawa.)

Sai na ji an riƙe min gwiwar hannu. Hayashi ne. Bai ɗaga murya ba, ya dai ja ni gefe.

"Mahaifiyata ce," in ji shi.

Ya ce mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba. Rawar nan ita ce wadda marigayin ya fi so, kuma tsohuwar ta taso takanas daga Japan don ta yi masa ita ta bankwana a ƙarƙashin furen. Shirun da na gani ba rowa ba ce, makoki ne. Ya ƙara da cewa a wurinsu ko ɗan aike ba a miƙa wa kuɗi tsirara sai an naɗe, balle a watsa wa dattijuwa a fuska.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ba a gama da ni ba. Tsohuwar nan ta durƙusa da rigarta mai tsada, ta bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya tana tsincewa daga cikin furen da ya zube. Ta jera su, ta miƙar da masu lanƙwasa, ta naɗe su a farar takarda, ta tako har inda nake ta miƙo min da hannu biyu. Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi dariya, ko da zagina aka yi, da na samu sauƙi. Haka na karɓa, na koma ina neman takalmina cikin na mutane, jama'a suna ta kau da kai don kada su ƙara kunyata ni, abin da ya fi komai kunyata ni ke nan.

Daga ranar duk lokacin da na buga waya Panyu, amsa ɗaya sakatariya take ba ni: "Laoban meyo." Wato maigida ba ya nan. Na je da kaina ba sau ɗaya ba, na zauna a bakin ƙofa da ban haƙurin da na haddace, ba a bar ni na shiga ba. Ana nan sai aka aiko kiran Ɗanlami. Ashe Hayashi ya lura da shi a ranar, ya ga yadda ya zauna kai a sunkuye tun daga farkon rawar har ƙarshe. Ya ce mutum mai irin wannan natsuwa, wanda ya gane baƙin cikin wasu ba tare da an faɗa masa ba, shi ya dace a ba amana.

Yau Alhaji Ɗanlami ake ce masa, da benaye da motoci da yara masu buɗe masa ƙofa. Ni ina nan da shagon tocila da batir. Janaretan da nake kunnawa a shagon ma a wurin yaransa na saya, ko sisi ba a rage min ba. Ina cewa na yafe wa kaina, amma ƙarya nake, abin yana nan yana ci na.

Da muka haɗu a wani ɗaurin aure bayan shekaru, na kasa daurewa na ja shi gefe.

"Alhaji, tsakaninka da Allah, ka san rawar makoki ce?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ina na sani? Ni ma tausayi ta ba ni. Kai na sunkuyar ina laluben aljihu, sai na tarar duk manyan takardu ne, babu canji."

An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Nawa kam bai faɗi ba, a goshin uwar mutane ya manne. Abin da na koya, da tsada, shi ne in ka je garin da ba naku ba ka ga jama'a sun yi tsit, kai ma ka yi tsit, ko da aljihunka cike yake da canji.