Sunan da Kaka Yelwa Ba Ta Faɗa

"...Lafiya lau, tsohuwa. Ya hanya? Tun ɗazu nake jin motar Jiwa tana nishi, ashe ke ta ɗauko."

"Ji ɗan nema. Ni da iska ma ke ɗauka? Ya aikin danne-danne, Angon da bai san hanyar kasuwa ba?"

Haka Umar Faruk da kakarsa Yelwa suke gaisawa, wanda bai sani ba sai ya taso rabon faɗa. Sunan marigayi mijinta ya ci, shi ya sa tun ranar suna ta riƙe shi miji, ba ta kiransa da komai sai Ango.

Ran Lahadin nan ta same shi a ɗakinsa na Karmo, ya tasa kwamfuta gaba kamar mai gadin tukunya. Aikinsa a ofis jan waya ne da gyaran netwok in ya yanke, amma kwanan nan ya duƙufa koyon PHP, yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi. Da shi ya haɗa fom na intanet don yi wa matan ƙauyukan Bwari rajistar ƙungiyar noma. Gobe ogarsa, Madam Perpetual, za ta gwada shi a gaban matan. In ya tafi daidai a tabbatar da shi a aiki, in ya cije ya koma jan waya. Shi kuwa ko ɗar, don Umar bai taɓa rubuta abu ya zargi kansa ba.

"Zauna in gwada da ke. In fom ɗin nan ya ɗauki mai rikici irinki, to kowa ma zai ɗauka."

"Gwada mana. Na ga bature da idona, kwalinka ne zai ba ni tsoro?"

Ya tambayi sunanta da garinsu da abin da take nomawa, tana amsawa tana haɗa masa da baƙar magana. Yana dannawa yana kaɗa ƙafa, har suka iso layi na gaba.

"Sunan miji."

"Rubuta Malam."

"Malam wa? Malamai sun fi kajin Jiwa yawa."

"Malam dai."

Ya rubuta, ya danna. Fom ya yi ja, ya ce sai cikakken suna. Shi da kansa ya sa wannan sharaɗin, har ya yi ta alfahari da shi a ofis.

"Kin gani? System ya ƙi ki. To mu tsallaka, sunan magaji, wato ɗanki na fari."

"Ubanka? A bakina? Ashe ba kai kaɗai ba ne mara kunya, har yaron naka, kwalin nan, ka koya wa."

"Tsohuwa, suna ne fa kawai."

"Na zauna da Malam har ƙasa ta rufe shi, ko a mafarki ban kira shi ba. Sai yau, don wani kwali mai fitila? Kai ma da kake gabana da hancinka kamar murfin buta, ka taɓa jin na kira ka?"

Ya buɗe baki zai rama, sai ya tuna da gobe. Matan da za su zo gobe rabinsu sa'o'inta ne, kuma ya hango su sun sunkuyar da kai, fom ya yi ja, Madam tana tsaye a bayansa. Ya karanta littafin PHP daga bango zuwa bango, babu shafin da ya ce masa akwai macen da ba ta faɗin sunan mijinta.

"Ya na ji shiru? Ko netuwok ɗin bakinka ne ya yanke?"

"Tunani nake, abin da ba a yi a zamaninku."

Ya ja kujera ya shiga rubutu, ita kuma ta shiga lissafa masa samarin da suka fi shi kyau da ta ƙi saboda shi. Bai cire tambayar sunan miji ba, don ofis na buƙatar sunan. Sai ya ƙara wani ɗan akwati a ƙarƙashinta: in mace ba za ta faɗa ba, wanda ya rako ta ya faɗa, ita kuma ta amince.

"To, amarya. Ba ruwan bakinki. Ni zan faɗa, ke gyaɗa kai kawai." Ya ɗan sassauta murya. "Malam Umaru Yamusa?"

Kaka Yelwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, kamar yau aka kai ta ɗaki. An daɗe ba a kira sunan nan gaba ɗaya a gabanta ba, kuma ta ji daɗinsa har idonta ya kawo ruwa. Ta gyaɗa kai.

Ya danna. Fom ya yi kore.

"Kin gani? Wa ya iya?"

Ta goge ido, ta yi dariya, ta zaro ƙullin dambun nama daga jaka ta jefa masa a cinya.

"Ungo, mijin banza. Yaron naka ya yi hankali cikin yini ɗaya. Saura ubansa."